Waya Mai Agogo da Fenti Mai Sanin Iyaka: Hanyoyi Biyu na Ɗumama Madubin A-kori-kura

Direban ƙaramar mota yana da madubi uku na duba abin da ke bayansa, na tsakiya da na gefe biyu. Direban a-kori-kura kuwa, da zarar an cika bayan motar da kaya ko an ɗaura mata tirela, na tsakiyan ya tashi daga aiki. Ba abin da zai nuna masa sai buhuna ko goshin tirelar. Motar da ke shirin wuce shi, da inda tayar tirela take takawa a kan kwana, da yaron da ya tsaya a gefe lokacin da yake ribas, duk daga gilasai biyun nan na jikin ƙofa zai san da su. Shi ya sa masu ƙera manyan a-kori-kura a Amurka, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram da Toyota Tundra, suke yi musu madubai masu faɗi. Wasu ma hannunsu yana zugewa waje don a hango ƙarshen tirela, kuma gilashinsu biyu ne, shimfiɗaɗɗe da mai doro.

Wuraren da aka fi moriyar waɗannan motoci kuwa suna shafe watanni cikin sanyin da ba mu san irinsa ba. A birnin Winnipeg na Kanada ba abin mamaki ba ne ma'auni ya sauka digiri 30 ƙasa da sifiri a watan Janairu, a Fairbanks ta Alaska ya kan kai 40. Makiyayin Saskatchewan mai jan tirelar shanu, da ma'aikacin rijiyoyin mai a Alberta ko Dakota ta Arewa, da asuba suke fita, su tarar madubin ya rufe. Wani lokaci gumi ne kawai, saboda gilashin ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, sai laimar iska ta kwanta a kansa. Wani lokaci raɓa ce ta daskare ta yi fari fat, kuma hakan na faruwa ko da iska ba ta kai sanyin daskarewa ba, domin a daren da sama take garau gilashi yana zubar da zafinsa fiye da iska. Mafi muni shi ne ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa abu. Irinsa ne ya sauka a Kebek da gabashin Ontariyo a Janairun 1998, har nauyin ƙanƙara ya karya manyan turakun lantarki, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu. Wannan ba ya jiran a ajiye mota, ana cikin tafiya yake lulluɓe madubi.

Gilashin gaba yana da gata, domin iska mai zafi daga ruwan injin tana hura shi ta ciki, ga kuma waifa a waje. Madubin gefe ba shi da ko ɗaya. Yana can rataye a waje, iska na dukansa. A kankare shi da hannu ma akwai illa: da yawa daga madubin waje a fuskar gilashin ake shafa musu sinadarin da ke ɗaukar hoto, don haka abin kankara yana iya zana su, kuma dannawa da ƙarfi na gusar da saitinsu ko ya karya ƙananan haƙoran da ke juya su. Ruwan zafi a kan daskararren gilashi kan tsaga shi. Ko da an goge shi tas a ƙofar gida, ba wanda zai miƙa hannu ya sake goge na ɓangaren fasinja yana gudun kilomita 100 a awa. Hanya ɗaya ta rage, a kai masa zafi ta waya.

In ka ɓalle gilashin irin wannan madubi daga mazauninsa, za ka ga wata siririyar leda manne a bayansa, tsakanin gilashi da robar da ke riƙe shi, da wayoyi biyu da ke shiga cikinta. Hitar ke nan. Dokar da take aiki da ita tsohuwa ce, James Joule na Ingila ya bayyana ta tun wajen 1841: duk wutar lantarkin da ta ratsa abin da ke yi mata turjiya sai ta bar zafi a cikinsa. Da ita dutsen guga na lantarki yake aiki. A yawancin motoci maɓallin da ke ɗumama gilashin baya shi ne yake kunna madubai, a-kori-kurar da gilashin bayanta ba shi da layukan ɗumi kuwa a kan yi wa madubai maɓallinsu daban. Wutar da suke ci ba ta da yawa. Hitar da turjiyarta om 8 ce, a kan bolt 12 na batir, amfiya ɗaya da rabi za ta ja, ta ba da wat 18.

Yana da kyau a yi ɗan lissafi a nan, don shi zai nuna girman aikin da ake ɗora wa wannan ɗan zafi. Ɗauki madubi mai tsawon santimita 20 da faɗin 15, ƙanƙara mai kaurin milimita ɗaya ta rufe shi. Nauyinta zai kai giram 27. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334, wato wajen jul 9,000 ke nan gaba ɗaya. In sanyin ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, sai an fara ɗaga gilashin da ƙanƙarar zuwa sifiri kafin ɗigo ɗaya ya narke, wannan kuma ƙarin jul 3,500 ne ko sama. Hita mai wat 20 za ta buƙaci fiye da minti 10, in ma iska ba ta sace komai ba, alhali iska tana sata. Abin da ke ceton direba shi ne ba dole sai duk ta narke ba. Zafin daga baya yake zuwa, don haka ɓangaren da ke manne da gilashi ne yake fara zama ruwa, sai sauran ya sulale ya faɗi.

Har zuwa nan hitocin duk ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne abin da aka shimfiɗa a cikin ledar, da kuma wanda ke cewa zafi ya isa.

Ta farko ita ce ta ƙarfe. Siririyar waya ce, ko kuma falle na alminiyam ko tagulla da aka zaizaye da sinadari har ya rage layi ɗaya mai kai da komowa a faɗin ledar, daga wannan baki zuwa wancan. Wuta ta shiga ta kai ɗaya, ta bi layin duka, ta fita ta ɗayan. Turjiyar ƙarfen ba ta canzawa sosai. Tagulla da alminiyam suna ƙara kaɗan in sun yi zafi, gaurayen ƙarfe irin na nikel da kuromiyam kuwa kusan ba ya motsi. Ma'ana, abin da hitar ta bayar a minti na farko shi za ta ci gaba da bayarwa a minti na talatin, ko ƙanƙara na nan ko ta tafi tuntuni. Ba ta san halin da gilashi yake ciki ba. Dole wani ya tsaya a kanta, ko dai ɗan makunni mai yanke wuta in zafi ya kai wani mataki, ko kuma agogon da ke cikin kwamfutar mota, wanda yake kashe layin bayan minti 10 zuwa 15.

Ta biyu ba waya ba ce, fenti ne. Masu sana'ar suna kiranta PTC. A kan buga layukan azurfa a jikin leda, na ɓangaren wuta da na ɓangaren komawa suna shiga tsakanin juna ba tare da sun haɗu ba, sannan a shafe su da wani baƙin fenti da aka haɗa da garin baƙin hayaƙi da roba ta musamman. Wuta ba ta da hanyar tsallakawa daga layi zuwa layi sai ta cikin fentin, tana bin ƙwayoyin baƙin da ke taɓa juna. Kamar duwatsun da ake jerawa a rafi ne don masu tsallakewa: in suna kurkusa kowa ya wuce da sauri, in aka nisanta su sai kaɗan ke iya haurawa. Lokacin sanyi robar ta tsuke, ƙwayoyin sun matsu da juna, wuta ta kwarara, zafi ya taso da ƙarfi. Da fentin ya ɗumama sai robar ta kumbura, ƙwayoyin su rabu, turjiya ta yi sama da sauri, wutar ta ragu da kanta. Ba makunni, ba agogo, kayan da aka yi hitar da shi ne mai tsawatar wa kansa. Kamfanin Raychem na Kalifoniya ne ya fito da kebul mai wannan ɗabi'a a farkon shekarun 1970, don hana bututun masana'antu daskarewa, daga baya dabarar ta iso bayan madubin mota.

Wanda ya tsara hitar ƙarfe yana cikin tsaka mai wuya tun daga teburin zane. Mota ɗaya ce za a sayar a Winnipeg a kuma sayar a Teksas. In ya ba hitar ƙarfin da zai kori ƙanƙarar Winnipeg cikin hanzari, to ranar da wani ya kunna ta a yayyafin bazara gilashin zai yi zafin da ya wuce kima, gam ɗin da ke riƙe shi ya gaji, roba ta fara lanƙwasa. In ya rage mata ƙarfi don gudun haka, mutumin Winnipeg zai zauna yana jira. Sai ya zaɓi tsakiya, ba ta gamsar da kowa sosai ba. Mai tsara fenti ba ya cikin wannan matsi. Yana iya ba ta ƙarfi mai yawa a farko, domin ya san da kanta za ta sassauta.

Akwai wani abin da ya fi wannan burge ni, shi ne yadda fentin yake rarraba ƙarfinsa. Ƙanƙara ba ta rufe madubi daidai wa daida. Ta kan taru a ƙasa da gefen da iska ke bugawa, tsakiya ta riga ta buɗe. Waya ɗaya ce tal a hitar ƙarfe, wutar da ke bin wurin da ya bushe ita ce ke bin wurin da ke daskare, don haka rabin zafin yana tafiya inda ba a bukatarsa. A fenti kuwa kowane ɗan yanki hanyarsa daban. Inda ya buɗe ya yi ɗumi, sai ya rage cin wuta. Inda ƙanƙara ke zaune har yanzu yana da sanyi, turjiyarsa na ƙasa, yana ci gaba da aiki da dukkan ƙarfinsa. Haka kuma a kan babbar hanya, in iska ta yi ta kwashe zafi, fentin ya huce, ya sake buɗe wa wuta ƙofa ba tare da direba ya taɓa komai ba. Agogo ba ya iya wannan. Minti yake ƙirgawa, in sun cika ya kashe, ko da ruwa mai daskarewa bai daina sauka ba, sai direba ya tuna ya sake danna maɓalli.

Wajen lalacewa ma halinsu ya bambanta. Layin ƙarfe in ya tsinke a wuri ɗaya, ko da girman bakin allura ne, hitar duka ta mutu. Fenti in ya goge a kusurwa, kusurwar kaɗai ce za ta rasa ɗumi.

Duk da haka ba zan ce hitar ƙarfe ta zama abin yarwa ba, kuma masu riƙe da ita suna da hujja. Ƙarfe ba ya tsufa irin tsufan roba. Fentin da ya shekara yana kumbura yana tsukewa, safe da yamma, turjiyarsa tana iya gusawa daga inda aka tsara ta, ya zama ba ya ɗumama kamar da, kuma ba zai mutu gaba ɗaya ba balle a gane. Direba zai ga dai madubin ya fi daɗewa kafin ya buɗe, ya ɗora laifin a kan sanyin bana. Laima in ta sami hanyar shiga tsakanin layukan azurfa da ke kusa da juna, ita ma tana yi musu illa a hankali. Sannan a daƙiƙun farko na sanyi mai tsanani fentin yana jan wuta fiye da yadda zai ja daga baya, dole a zaɓi fis da waya da za su ɗauki wannan. Ga mai gyara kuwa, hitar ƙarfe ba ta da ɓoye-ɓoye. Ya ɗora mata mita, in ta nuna lamba tana da rai, in ba ta nuna komai ba ta tsinke, magana ta ƙare. Fenti lambarsa tana sauyawa da yanayi, abin da mita ta nuna da safe ba shi za ta nuna da rana ba, wanda bai san haka ba sai ya yanke wa lafiyayyar hita hukuncin kisa.

Gaskiya kuma, a motar da ta fito daga kamfani yadda aka ƙera ta, tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai yadda bayanin nan zai sa a zata ba. Sau da yawa ko da hitar fenti ce a ciki, layinta yana haɗe da na gilashin baya, agogo ɗaya ke kashe su tare. Mutumin da ke fita daga gida zuwa wurin aiki a cikin gari, raɓa ce kawai ta daskare masa, zai yi shekaru bai san wace iri ce a bayan madubinsa ba, kuma ba abin da ya rasa.

Bambancin yana fitowa ne a wurin waɗanda a-kori-kura take ainihin kayan aikinsu. Mai share dusar ƙanƙara daga tituna yana kwana yana gaba yana baya, rabin aikinsa ribas ne. Mai jan tirela a hanyar Dalton ta Alaska yana shafe awanni ba gari ba masauki. Ga kuma waɗanda suka cire madubin kamfani suka sa manyan na jan tirela, suka ja musu waya da makunni na kansu, ba agogo a tsakani. Waɗannan suna bukatar hitar da za a bari a kunne tsawon yini ba tare da fargaba ba, wadda za ta ƙara ƙarfi in guguwa ta taso ta rage in ta lafa. A nan ni dai ina bayan fenti, kuma ba don sabuntarsa ba. Dalilina shi ne hankalin direba abu ne mai iyaka. Mutumin da ke riƙe da sitiyari a kan titi mai santsi, da tan uku na tirela a bayansa, bai kamata a ƙara masa aikin tuna danna maɓalli duk bayan kwata ba. In madubi ya rufe a daidai lokacin da zai sauya layi, ba shi kaɗai abin zai shafa ba, har da iyalin da ke cikin ƙaramar motar da bai gani ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da ƙanƙara sai a firiji ko ranar da aka yi ruwa da ita. Amma motocin suna zuwa mana. Tundra da Tacoma da F-150 na hannu da ake saukewa a tashoshin Legas da Kwatano, da yawansu daga jihohin sanyi na Amurka da Kanada suka taso, da hitarsu a jiki. Wanda ya duba kusurwar gilashin zai iya ganin ɗan tambari mai lanƙwasassun layuka, alamar ɗumi ke nan. Yana da amfani a damina, musamman a kan tsaunin Jos ko hanyar hawa Mambila inda hazon ruwa ke sauka da safe. Ɗumin yana busar da gumi da ƙananan ɗigon da ke watsa hasken fitilun motocin baya da dare. Ba ya maganin ƙurar hunturu, wannan sai tsumma. A ƙasa mai zafi kuwa hujjar fenti ta ƙara ƙarfi, domin in rile, wato makunnin da ke kai wa hitar wuta, ya maƙale, ko riwaya ya haɗa layin kai tsaye da makulli don ya huta da bincike, hitar ƙarfe za ta yi ta dafa gilashin da rana ta riga ta gasa, har gam ya saki. Fenti a irin wannan zafi da ƙyar zai ja wuta.

In madubi ya daina ɗumi, ba hitar ce abin fara zargi ba, ko wace iri ce. A fara da fis. Daga nan a duba wayoyin da ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, don buɗewa da rufewa na shekaru yana karya su a ciki, fatarsu tana nan lafiya. Sai kuma bakin wayoyi biyu na bayan gilashi, waɗanda gishirin da ake watsawa a titunan ƙasashen sanyi yake cinyewa da tsatsa tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Gwajin ba wuya: a tayar da injin, a danna maɓallin, a jira minti biyu ko uku da sassafe, a ɗora bayan hannu a gilashin. Wasu motocin ba sa barin hitar ta kama in yanayi ya yi zafi, don haka gwajin tsakar rana yana iya yaudara.

Wanda gilashinsa ya fashe ya je neman wani a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya juya bayan gilashin kafin ya biya. Akwai masu girma ɗaya da siffa ɗaya da ba su da hita sam, sun fi araha, kuma suna zama daram a mazaunin. Mai hita yana da ƙananan ƙarafa biyu inda wayoyi ke shiga. In ana ganin ledar, layi ɗaya mai kai da komowa na ƙarfe ne, baƙin shafi mai layukan azurfa a cikinsa na fenti ne. In kuma mutum ya zaɓi marar hitar, to ya sa a naɗe bakin wayoyin biyu da salatif kowanne daban kafin a mayar da gilashi, don kada su taɓa juna su ƙona fis ɗin da wataƙila yake ciyar da gilashin baya.